Kwafe daga allo ba gyara ba ne

Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a ƙasar nan ya san yadda ake yi. Malam ya ba da lissafi goma, a yi musayar littafi da na kusa, ya rubuta amsoshi a allo, a bi da biro ana ka ci, ka faɗi. Sai ya ce a yi gyara, yara su kwafe abin da ke allo a ƙasan aikinsu, a buga ƙararrawa. Mu dai ba mu yarda a ci gaba da kiran wannan gyara ba.

Ɗauki yarinyar da aka ba 47 sau 23 ta samo 235, alhali amsar 1081 ce. In ta kwafe 1081 ta tafi gida, gobe ma ramin za ta sake faɗawa, don ba wanda ya nuna mata inda ƙafarta ta zame. Ta ninka 47 da 3 ta sami 141, daidai. Ta ninka da 2 ta sami 94, shi ma daidai. Abin da ya kuɓuce mata shi ne wannan 2 ɗin ashirin ce, wato 940 ya kamata ta tara. Kusan duk aikinta lafiya lau, amma jan biro ya yi mata kuɗin goro. Da an saba mata da tambayar kanta, hamsin sau ashirin ai dubu ne, to ina 235 ta fito, da ta kama kuskurenta tun malam bai iso bencinta ba.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, a inda ake aiki na ƙwarai ba a karɓar aikin kowa, komai gwanintarsa, sai an gwada shi kuma wani abokin aiki ya bi shi layi-layi. An ji jiki ne aka koyi haka. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja na fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya kuma ta ɗauke su a matsayin ma'aunin mita da kilo. Kowane ɓangare ya iya lissafi. Gwama aikin juna ne ba a yi yadda ya kamata ba.

Za a ce aji ya cika maƙil, ga manhajar karatu ana tsere da ita. Ai cikar ajin ita ce hujjarmu, tunda malam ɗaya ba zai iya bin kowane littafi ba. A rage lissafin zuwa biyar. Wanda ya raba, ya ninka ya ga ko zai koma inda ya taso. Wanda ya ce x biyar ce a 3x + 5 = 20, ya mayar da biyar ɗin ciki ya gani. In amsar mutum biyu ta bambanta, kada malam ya yi saurin raba gardama, ya bar su su nemo layin da suka rabu.

Za a kuma ce yara za su riƙa yi wa abokansu alfarma. Ƙwarai za su yi, muddin wanda ya ci uku cikin goma bulala ke jiransa. A cire maki da duka daga aikin gwaji, a riƙa yaba wa wanda ya gano kuskure ya kuma bayyana shi. Hatta masu duba takardun WAEC suna ba da maki a kan hanyar da ɗalibi ya bi, ba amsar ƙarshe kaɗai suke kallo ba.