Kada a auna tsohuwar Massey a sikeli

A makon nan, a kan hanyar Malam Madori, wata babbar mota ta wuce ni da lodin kayan gwangwan, ta nufi Kano. A can saman lodin na hango jar tarakta an raba ta biyu da wutar walda, injin gefe guda, gindin giya gefe guda. Massey Ferguson 135 ce. Wani ya zauna ya yi lissafi, ya ga ta fi masa daraja a sikeli fiye da a fadama, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

Ita wannan 135 ɗin an fara ƙera ta a 1964, ƙaramar mota ce mai injin Perkins silinda uku, ƙarfinta bai wuce na doki 45 zuwa 47 ba. A Ingila, inda aka yi ta a masana'antar Banner Lane da ke Coventry, yau akwai mutanen da babu abin da suke so a duniya kamar tara irinta. Su sayo mushe, su kwance shi kusa bayan kusa, su yi fenti, su kai wajen baje koli, sannan su raba dare suna musun wacce ta fi. Wasu sun rantse da ƙaramar toka-toka, TE20, wadda aka ƙera fiye da 500,000 daga 1946 zuwa 1956, wadda Edmund Hillary ya tuƙa har tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a Janairun 1958. Wasu kuma 35 ko 135 suke wa kirari. Su sha'awa ce ta sa su, ba yunwa ba.

Mu ma muna da namu musun, sai dai a gindin bishiya ake yin sa, bakin gareji, tsakanin direbobin tantan da kanikawa. Akwai 'yan Fiat, waɗanda za su ce maka ba ta san gajiya ba. Akwai 'yan Steyr, masu yabon nauyinta da jan tirela. Matasan yanzu Massey 375 suka sani, domin ita ce ta cika gonakin Auyo da Kafin Hausa. Ni dai ga inda na tsaya: ƙananan Massey na da, 135 da yayarta 165, su ne nawa, kuma ba don kyan fenti ba.

Dalilina bakanike ne. Injin da babu kwamfuta a cikinsa, yaron gareji a Haɗeja zai sauke shi da safe, ya canza zobe da fistin, ya kai famfon mai a daidaita, kafin kwana biyu ta koma gona. Idan ta tsaya a tsakiyar fadamar Guri, direba da kansa zai kwance bututu ya fitar da iska ta tashi. Kayan gyaranta ba sai an yi waya Turai ba, domin har gobe ana ƙera 'yan uwanta a Pakistan da Indiya, ana kuma samun kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ga rashin nauyi. Duk wanda ya yi noman shinkafa a lakar bakin kogin Haɗeja ya san abin da babbar tarakta take yi wa kunya da bakin kwami idan ƙasa ta jiƙe: ta danne, ta farfasa, ta bar maka rami. Ƙaramar tana juyawa a ɗan fili rabin eka ba tare da ta taka na maƙwabci ba. Na yarda, tayoyinta na baya kaɗai ke ja, tana kafewa a taɓo, kuma wadda ta tsufa tana shan baƙin mai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun taɓa haɗa taraktoci a Arewa. Steyr tana Bauchi, Fiat tana Kano, tun ƙarshen shekarun 1970, bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka kafa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ana ta mafarkin alkama. Ina suke yau? Mun bar su sun durƙushe, kamar yadda muka bar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa daga Marma zuwa Nguru muna kallo. Hali ɗaya ne: abin da yake hannu ba ma kula da shi, sai na kanti.

Kowace gwamnati ta zo sai ta jera sababbin taraktoci a fili, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Wannan daga wata ƙasa, na gaba daga wata, babu ɗaya da kayan gyaranta ya shiga na ɗayar. Bayan damina biyu ko uku je ka bayan sakatariyoyi ka gani, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashi. Daga nan sai a kira shi gwanjo, ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa. Wannan ɓarna ce, kuma masu sa hannu a takardar sun san ɓarna ce.

Ban ga laifin ɗan gwangwan ba, sana'arsa yake yi. Da masu sayarwa nake. Idan za a yi gwanjon tsofaffin taraktoci a masarautar Haɗeja, a fara sanar da ƙungiyoyin kanikawa da direbobin tantan, a ba su wa'adi su zo su duba. Mushe uku suna tayar da guda mai rai. Kai kuma magajin da mahaifinka ya bar maka 135 a bayan gida, kafin ka kira mai walda, kira bakanike ya gaya maka kuɗin tayar da ita, ka kwatanta da abin da ake biya a kafce eka ɗaya idan lokacin shukar alkama ya zo a watan Nuwamba, sa'ar da manoma ke bin direbobi har gida suna roƙon layi.