Ƙorafi Kan Halin da Masu Sankarar Fankiriyas Ke Ciki

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayya, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu da muka rubuto wannan takarda iyalai ne da suka yi jinyar masu sankarar fankiriyas. Wasunmu sun riga sun binne nasu, wasu har yanzu suna gaban gadon jinya. Kukanmu guda ne: ana sallamo mana majinyata da cewa a je gida a ci gaba da addu'a, babu abin da za a yi, alhali kuwa akwai.

Fankiriyas na kwance a bayan tumbi, shi ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Ƙarin sankarar ya fi fitowa a ɓangaren kansa, daidai inda bututun madaciya ya ratsa, sai ya toshe shi. Idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bahaya ya yi fari, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, mutum ya riƙa ramewa. A wurinmu duk wannan shawara ce, kuma babu unguwar da ba ta da mai maganin shawara. Sai a shafe watanni ana jiƙo ana sha. In an je ƙaramin asibiti a ce taifot ne ko olsa. Kafin wani ya ce a yi hoton CT, ciwon ya isa hanta. Muna roƙon a umarci ma'aikatan asibitocin matakin farko cewa duk magidancin da ya zo da shawara tare da rama, ko ciwon suga ya same shi kwatsam da girmansa yana kuma ciwon baya, a tura shi hoto nan take.

Mun san ciwon nan mai tsanani ne. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan mutum ɗaya cikin biyar kaɗai ake samu a matakin da za a iya yi wa tiyata. To amma wannan ɗayan fa? Aikin da ke ba shi damar warkewa shi ne tiyatar Whipple, wadda likita Allen Whipple na Amurka ya bayyana tun 1935. Ana cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da madaciya da wani yanki na bututunta, sannan a sake haɗa hanyoyin. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, yana buƙatar jini a ajiye da gado a ɗakin kulawa ta musamman, kuma an tabbatar cewa asibitin da ya saba yin sa ya fi tsirar da rai. Don haka bai kamata kowane asibiti ya riƙa taɓa shi jefi-jefi ba. A zaɓi cibiyoyi kaɗan, a tabbatar Arewa ta samu nata, a tara musu ƙwararru da kayan aiki, a sanar da likitoci inda za su tura majinyaci. Yanzu mai hali na tafiya Indiya ko Masar, marar hali kuma ya sayar da gona ya ƙare a titin asibiti.

Sai maganar allurar kashe ƙwayoyin daji. Gemcitabine ta shiga hannun likitoci tun 1996. A 2011 wani bincike da aka yi a Faransa ya nuna cewa haɗin magungunan FOLFIRINOX ya kai tsawon rayuwar waɗanda ciwonsu ya bazu zuwa kusan wata 11, maimakon kusan wata 7 na gemcitabine. Wani zai ce wata huɗu ba komai ba ne. Wanda ya yi jinya ya san a cikinsu ake biyan bashi, a bar wasiyya, a aurar da 'ya. Asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnati ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furosteti. Mun yaba, domin su suka fi yawa. Amma muna roƙon a shigar da fankiriyas cikinsa, a kuma sa magungunan nan cikin abin da inshorar lafiya ke biya, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa.

Abin da ya fi ci mana rai, ranka ya daɗe, shi ne halin wanda ba zai warke ba. Akwai ɗan bututu da ake zurawa ta baki da na'ura a buɗe hanyar madaciya, ƙaiƙayi ya lafa, idanu su washe, mutum ya iya cin abinci. Akwai ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon, masu tsayar da zawo mai maiƙo su rage rama. Akwai allurar da ke kashe jijiyoyin da ke kai zafin ciwon zuwa baya. Da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsu ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Ga kuma mofin na sha, magani mai araha wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin muhimman magunguna. Mun ga iyayenmu suna birgima cikin dare ana ba su farasitamol. Mun goyi bayan hana maganin tari mai kodin a 2018, domin mun ga ɓarnar da ya yi wa 'ya'yanmu. Sai dai tsoron 'yan ƙwaya ya sa wasu ma'aikata na ɗari-ɗari da rubuta mofin ga wanda ciwon daji ke ci, wani wurin ma babu shi a ɗakin magani. Laifin wani ba zai hau kan dattijon da ke gargara ba. A wadata manyan asibitocin jihohi da shi, a koya wa ma'aikatan jinya auna shi, a ba iyali damar tafiya da shi gida bisa rajista.

Muna roƙon Mai Girma Minista ya umarci cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, wato NICRAT, ta zauna da wakilanmu da likitocin tiyata, a fitar da rubutacciyar hanya guda da majinyaci zai bi daga ranar da aka ga ɗorawa a idonsa, a kuma ba mu amsar wannan takarda a rubuce.

Allah ya taya riƙo.

Mu ne naka,
Iyalan majinyatan sankarar fankiriyas.