'Yan uwa 'yan acaɓa, mu daina sauya haƙoran sifiroket don neman gudu

Jama'ar Sabo Ibadan! Wata ɗabi'a ta shigo mana: yaro ya karɓi Boxer, sai ya garzaya wajen bakanike a cire masa sifiroket ɗin gaba mai haƙora 14 a sa mai 15, wai don mashin ya ƙara gudu. Mu dai ba mu yarda da wannan ba.

Haƙori ɗaya ya rage ƙarfin ja da kusan kashi 7 cikin 100. Inji mai cc 100, ga fasinja ga buhu, ga hawan Mokola, sai ka riƙa matse kuloci har faranti ya ƙone. Man da ake cewa za a rage, a hawa yake ƙarewa. Birki kuwa na nan yadda kamfani ya yi shi, gudun ne kawai ya ƙaru.

Kar mu manta, haɗurra na cikin hujjojin da gwamnatin Legas ta kafa ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022. Mu da muke baƙi, laifin ɗaya kan shafi kowa.

Idan cen ta cinye, a sauya ta tare da sifiroket biyun, daidai lambar kamfani. Shugabannin tasha, ku sa ido. Allah ya tsare mu.