Rediyo A Cikin Tumbin Saniya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma labarin tumbin saniya fa, wa za a tambaya? Sau da yawa kafin makiyayi ya ga dabbarsa ta daina tuƙa ta sunkuyar da kai, ciwo ya riga ya kwana biyu yana cinta. Wannan shi ya sa Turawa suka ƙago wata ƙwaya mai rediyo, wadda a kan ɗura wa saniya ta riƙa ba da labari daga ciki.

Ba da shanu aka fara ba. Tun a 1957 masana a Suwidin da Amurka suka gwada ƙwayar da mutum zai haɗiye ta riƙa aiko da labarin hanjinsa ta wayar iska. A 2001 kuma Amurka ta yarda a yi aiki da wata mai ɗaukar hoto, ƙirar Isra'ila. Ta mutum takan fita tare da bayan gida. Ta saniya kuwa da nauyi aka yi ta, tsawonta kamar inci 4, don ta nutse cikin sashen tumbi mai kama da saƙar zuma ta zauna can shekara da shekaru.

Irin wadda kamfanin smaXtec na Ostiriya ke yi takan auna zafin jiki kowane minti 10. Zafin lafiyayyar saniya tsakanin digiri 38 da 39 yake. In ya hau, watau zazzaɓi ya kama, ko ciwon hantsa na tafe. In ya ɗan sauka ga mai tsohon ciki, haihuwa ta kusa. Ruwa kuma in ya shiga sai tumbi ya yi sanyi, da haka a kan san sau nawa ta sha. Akwai wata irin mai auna tsami, abin da kan kayar da dabbar da aka cika wa hatsi. Masu turke sa don Salla sun san wannan hasara. Duk labarin nan wani akwati a garke ne ke karɓa, ya aika ta intanet zuwa wayar mai shanu.

Abin ya yi kyau, ba shakka. Amma kada ɗan kasuwa ya yi gaggawar cika kanti da ita, kada manomi kuma ya sayar da maraƙi don ya saya. Akwatin nan sai da lantarki, sai kuma shanu suna kwana kusa da shi, sabo da haka ba ta da amfani ga mai tafiya mashekari. Kowace saniya da tata ƙwayar, ga kuɗin aiki ana biya a kai a kai. Har wa yau yawancin gwajinta a kan shanun madara na Turai aka yi, ba a kan Bunaji mai yini cikin rana yana neman mashaya ba.

Babban abin lura shi ne ƙwayar ba ta warkarwa, faɗakarwa kaɗai take yi. In waya ta yi ƙara da tsakar dare alhali babu likitan dabbobi sai a birni, me aka ƙaru da shi?

Abin da ya kamata shi ne ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, da ta Shika kusa da Zariya, su fara gwada ta a kan shanun ƙasar nan, sa'an nan su bayyana wa jama'a ribarta da tsadarta. Mai gonar madara da ke da shinge da likita kusa, shi ne na farko da za ta yi wa rana. Sauran makiyaya kuwa, a ba su allurar rigakafi kan kari, a raba dabba da cin leda, a kuma zaga garke safe da yamma.