Alhaji, ɗanka zai zama makaɗin situdiyo? Ku fara da ciniki

 

A makon jiya wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa ta Kwatano ya turo mini saƙon murya har kashi uku. Ɗansa na biyu, mai shekara 21, ya rage zaman shago. Da la'asar ta yi sai a neme shi a rasa. Ashe ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi fiyano na hannu, yana zuwa wani situdiyo a bayan gari. Da aka zaunar da shi, sai ya ce shi ba waƙa yake son yi ba, so yake ya zama makaɗin situdiyo, wanda mawaƙa ke ɗauka ya yi musu kiɗa a biya shi. Alhaji ya ce mini, "Malam, da ma waƙar ce da na san abin da zan hana. Wannan kuwa ko sunanta ban taɓa ji ba. Ana cin abinci da ita kuwa?"

To Alhaji, ana ci. Amma waɗanda suka sha wahala a cikinta suka tashi hannu rabbana sun fi waɗanda suka ci yawa, kuma akasari abin da ya raba su ba iya kiɗa ba ne. Abin da ya raba su kai ka fi ɗanka saninsa, domin shi kake yi kullum a shago.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Marigayi Mamman Shata ya rasu tun 1999, har gobe ana jin faifansa a tasha da cikin mota. To a cikinmu mutum nawa ne zai iya kiran sunan masu kalangun da ke bayansa? Cire kalangun nan da 'yan amshi ka ji abin da zai rage. Haka a Kano, tun ƙarshen shekarun 1990 da fina-finan Hausa suka bunƙasa, kusan duk waƙar fim da matanmu suka haddace akwai wani bawan Allah da ya zauna gaban fiyanon Yamaha ya haɗa kiɗanta. An san jarumi, an san mawaƙi, shi kuwa sai 'yan cikin harka. Makaɗin situdiyo ke nan: a kira shi, ya zo, a rera masa waƙar da bai taɓa ji ba, ya yi mata kiɗa, a ɗauka, a sallame shi, gobe kuma wani mawaƙin daban.

Abu na farko da sana'ar ke nema shi ne kunne da saurin ɗauka. Situdiyo da awa ake biyan hayarsa. Mawaƙin da ya kama awa uku ba zai zauna yana jiran yaro ya lalubo sauti ba. Ana so ya ji sau ɗaya ko biyu ya kama, in an ce a ɗaga ko a sauke saboda muryar mawaƙi bai kai ba, ya sauya nan take. Ana kuma so ya iya tafiya daidai da ɗan bugun nan da kwamfuta ke ƙirga masa a kunne, ba gaggawa ba jan ƙafa. Wannan sai da atisaye na kullum, awa bayan awa, shekara da shekaru. In ɗanka sai ya ga mutane yake taɓa fiyano, to sha'awa ce kawai, za ta wuce.

Na biyu shi ne hali. A birnin Los Angeles na Amurka akwai wata mata, Carol Kaye, wadda aka ƙiyasta ta yi kiɗa a ɗauka wajen 10,000. Da fari jita take kaɗawa. A 1963 aka shirya ɗaukar waƙa a kamfanin Capitol, mai jitar bas bai zo ba, sai aka miƙa mata ta cike gurbi. Daga ranar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi nema a wannan fanni. Shi wancan da ya ƙi zuwa, yau ba mai ba da labarinsa. A wannan harka ba a rubuta takardar neman aiki. Furodusa ne zai ce wa ɗan'uwansa, kira wane, yana zuwa a kan lokaci, ba ya gardama, ba ya shaye-shaye a bakin aiki, ba ya fitar da waƙar mutane kafin su sake ta. Daidai yadda kake gaya wa abokinka direban da za a ba kaya daga Kwatano zuwa Maraɗi a kwanta a yi barci. Kuma dole yaro ya iya haɗiye son a san shi. Waƙar ta mai waƙa ce. In an ce rage ado a nan, sai ya rage ko da yana ganin nasa ya fi daɗi.

Yanzu mu zo ga kuɗi, inda ake yin kuka. Kuɗin kiɗa iri biyu ne. Akwai ladan zama, wanda ake biya sau ɗaya a rabu. Akwai kuma kason da ke biyo baya duk lokacin da aka sayar da waƙar, ko aka sa ta a rediyo, ko aka saurare ta a intanet. Wannan na biyun galibi yana tafiya ne ga wanda aka rubuta a matsayin mai ƙirƙirar waƙa da kuma wanda ya mallaki faifan. Makaɗin haya, in bai yi magana tun farko ba, na farkon kaɗai yake samu.

Ga misali. A 1969 James Brown ya ɗauki wata waƙa mai suna Funky Drummer. Mai gangarsa, Clyde Stubblefield, ya yi wani bugu shi kaɗai na kimanin daƙiƙa 20. Daga baya mawaƙan zamani suka riƙa yanko wannan bugu suna ɗora waƙoƙinsu a kai, har ya shiga waƙoƙi sama da 1,000. Tun da ba sunansa cikin masu waƙar, kason bai zo hannunsa ba. Ya rasu a 2017 bayan doguwar jinya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A Detroit kuma, makaɗan kamfanin Motown, waɗanda ake kira Funk Brothers, sun shafe shekarun 1960 suna yi wa manyan taurari kiɗa ba tare da an sa sunansu a bangon faifai ba, sai a 1971 da Marvin Gaye ya sa su a faifansa What's Going On. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin ya kwashe ya koma Los Angeles, da yawansu suka wayi gari ba aiki. Ba su samu karramawar Grammy ba sai a 2003, lokacin da wasunsu sun riga sun kwanta dama, ciki har da gwanin jitar bas James Jamerson da ya rasu a 1983. Nan kusa da mu ma, Tony Allen ya yi wa Fela ganga a Legas kusan shekara 15, a ƙarshen shekarun 1970 suka rabu, kuma batun kuɗi da haƙƙi yana cikin abin da ya raba su.

Akwai wadda ta ƙwato nata, amma dubi tsawon lokacin. A 1973 aka kira wata mawaƙiyar haya, Clare Torry, ta sa murya a faifan ƙungiyar Pink Floyd a Landan, aka biya ta fam 30. Faifan ya sayu miliyoyi. Sai a 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, aka ƙara sunanta cikin masu waƙar. Shekara 32 ke nan. Mu nan wa ke da kuɗin lauya da haƙurin shekara 32?

Ka ga ke nan, Alhaji, inda ɗanka ya fi buƙatarka shi ne wajen da ka fi ƙwarewa. Kai ba ka taɓa sakin dila ba tare da an yanke farashi ba. Koya masa haka. Kafin ya taɓa fiyano a san nawa ne, waƙa nawa ce, gyara sau nawa ne a ciki, yaushe za a biya. Ya karɓi kafin alƙalami, ko da rabi ne. In mai waƙa ya ce "bari ta fita tukuna, za mu ga abin da Allah zai yi," to ya gane bashi aka nema, ya auna mutumin kamar yadda kake auna mai neman kaya bashi. In kuma shi ya ƙago karin da waƙar ta hau, ba bin umarni kawai ya yi ba, ya faɗa tun a zaune cewa yana da kaso, a rubuta. Ba sai an je wajen lauya ba. Takarda guda mai sa hannu da shaidu, ko saƙon WhatsApp da kowa ya amsa a fili, ya fi "ai mun yi da kai" nesa ba kusa ba. Ya nemi a sa sunansa duk inda aka saki waƙar, domin sunan nan shi ne allon shagonsa. Ya ajiye littafi kamar naka: kwanan wata, sunan waƙa, mai waƙa, abin da aka biya, abin da ya saura.

Sannan ya je ya yi rajista da hukumar haƙƙin masu fasaha ta ƙasar da yake zaune. A Binin ita ce BUBEDRA, a Kwaddibuwa BURIDA, a Togo BUTODRA, a Nijar BNDA, a Gana GHAMRO, a Najeriya kuma akwai MCSN. Kada ya sa rai kuɗi za su riƙa zuba daga nan. Amma wanda ba ya cikin rajista, ko an zo rabo ba a san da shi ba.

Ga kuma wata gaskiyar da ya kamata yaron ya ji. Yau mutum ɗaya da kwamfuta da manhaja irin su FL Studio ko Cubase yana haɗa kiɗan da a da sai an tara mutum shida. Saboda haka mai fiyano zalla kasuwarsa ta matse. Ya koyi ɗauka da tace sauti da kansa, yadda zai iya yin aiki a ɗakinsa ya tura wa mawaƙi a Kano ko Yamai ko Kumasi ta intanet. Ya kuma riƙe abin da kwamfuta ba ta iya kwaikwaya sosai. Masu fiyano sun yi yawa a Kwatano da Abijan, amma mai iya kalangu ko gurmi ko goge daidai da ma'aunin situdiyo, ka nemo su ka gani. Ɗan zango yana da wata riba kuma: ya tashi da Hausa a gida, Faransanci a makaranta, harshen gari a kasuwa, kunnensa ya saba da kiɗan kowa. Wannan jari ne, in ya san jari ne.

Na san akwai abin da Alhaji bai faɗa a saƙonsa ba, amma na ji shi a muryarsa. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma ba kowane gida ke ba makaɗi 'ya ba. A zango kuwa magana ba ta kwana. Sannan ga batun addini, inda malamai suka yi maganganu a kan kayan kiɗa, wasu suka tsananta, wasu suka sassauta da sharuɗɗa. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a nan ba. Ku je tare da yaron wajen malamin da kuka yarda da shi, ya ji da kunnensa. Abin da na sani shi ne, makaɗin haya yana da ikon cewa a'a. Waƙar batsa, waƙar zagin wani, zaman da zai ci masa salla, duk yana iya ƙi, kuma tun yanzu ya kamata ya san inda ya ja layinsa, tun kafin yunwa ta ja masa.

Shawarata gare ka, Alhaji: kada ka yi masa baki, kada kuma ka buɗe masa aljihu. Ku yi yarjejeniya irin ta 'yan kasuwa. Safiya ta shago ce, ba fashi. Yamma tasa ce. Ka ba shi shekara guda. Duk ƙarshen wata ya kawo maka littafinsa ka duba kamar yadda kake duba na yaran shago. Abin da za ka nema a ciki ba yawan kuɗi ba ne tukuna. Duba ka ga ko waɗanda suka kira shi sau ɗaya sun sake kiransa. In sunaye suna maimaituwa, to yaron yana da hannu kuma yana da hali, sai ka taimaka masa da kayan aiki a matsayin jari, a rubuce. In shekara ta cika littafi fayau, shi da kansa zai gani, ga shago nan bai ɓata da shi ba. Da yawa daga masu wannan sana'a ko a Turai suna haɗa ta da koyarwa ko kiɗan biki, saboda aikin situdiyo yau akwai gobe babu. Wanda yake da shagon uba a bayansa ya fi su kwanciyar hankali.

Hajiya kuma, uwar yaro, a riƙa tambayarsa da wa yake zama da kuma ƙarfe nawa yake dawowa. Aikin dare ne da yawansa, kuma ke zai gaya wa abin da ba zai gaya wa babansa ba.

Kai kuma samari, in kana karanta wannan, ka sani mahaifinka bai raina fiyanonka ba, tsoro yake ji kada ka tsufa kana bin mutane bashin kuɗin kiɗa. Ka nuna masa littafi, za ka ga ya sauko.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a nemanmu. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya turo kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.