Tseren Akwala: Motar Dala 500 da Ke Wuni Tana Gudu a Amurka

Idan kana bibiyar tseren motoci ko da a YouTube ne, ka san Le Mans. Gari ne a Faransa inda tun 1923 ake tseren awa 24 ba tsayawa, a kan hanyar da zagayenta ya haura kilomita 13. Can ne Ferrari da Porsche da Toyota ke zuba kuɗin da ni da kai ba za mu iya ƙirgawa ba. To akwai wani ƙanensa na tsiya a Amurka, shi nake so mu duba yau. Sunansa 24 Hours of Lemons. Amurkawa suna kiran motar da aka saya ta fito da ciwo "lemon", wato lemon tsami, sai aka yi wasa da kalmar don a tsokani Le Mans. Da a Hausa ne sai mu ce tseren akwala.

Wani marubucin harkar motoci, Jay Lamm, ya fara shi a 2006 a filin Altamont da ke Kalifoniya. Babbar dokarsa guda ce: kada kuɗin motar, saye da gyara, ya wuce dala 500. Abokai su haɗa kai, su nemo wata kwarababbiya da ta shekara a bayan gidan wani, su tayar da ita, su riƙa karɓa-karɓa a sitiyari. Wanda ya fi yawan zagaye kafin lokaci ya cika shi ya ci. Yawancin tseren ma ba awa 24 cur ake yi ba, a kan raba shi Asabar da Lahadi, da dare kuma a kwana ƙarƙashin mota da fitila a baki.

Ka san ɗan Adam da son zuciya, dole wani ya kawo motar dala 3,000 ya shafa mata ƙura ya ce a bola ya tsinto ta. Shi ya sa kafin a fara akwai alƙalai da ke buɗe bonet suna leƙawa, kuma duk dala 10 da suka ga ka haura, za a cire maka zagaye ɗaya. Abin dariyar shi ne ba wa alƙalan "cin hanci" a fili al'ada ce a wurin, abinci ko wani tarkace, har su fesa wa motarka tambari don kowa ya gani. Su wasa suke yi da abin da mu yake ci mana tuwo a ƙwarya, amma bari mu bar wannan. A shekarun farko har ƙuri'a ake kaɗawa a zaɓi motar da ta fi ba kowa haushi a murƙushe ta da katafila a gaban mai ita, kafin daga baya a daina. Kyautar da aka fi girmamawa kuma ba ta wanda ya zo na ɗaya ba ce, ta tawagar da ta yi abin kirki da mota mafi lalacewa ce.

Yanzu ga inda maganar take da nama. Me ke kashe tsohuwar mota a irin wannan tsere? Da yawa za su ce rashin ƙarfin inji. A'a. Zafi ne. Motar gida an ƙera ta ne ta ɗan yi gudu, ta tsaya a danja, ta huta. A filin tsere kuwa ƙafarka tana ƙasa a kan totur awa bayan awa, kuma kaso mafi yawa na ƙarfin fetur ɗin da inji ke ƙonawa zafi yake zama, wani ya fita ta salansa, wani lagireto ya kwashe. Lagireton da ya shekara ashirin ya riga ya toshe rabi da tsatsa, robobin ruwa sun bushe, famfon ruwa yana kuka. Da allurar zafi ta haura, gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, ka buɗe murfi ka ga abu kamar shayi da madara. Duk wanda ya taɓa hawa motar haya ta tsaya da shi tsakanin Zariya da Kaduna direba yana neman jarkar ruwa ya san wannan fim ɗin. Ƙari a kan haka, dokar Lemons ta hana zuba ruwan sanyaya inji mai kala, sai ruwa zalla, domin idan mai kalar ya zube a kan kwalta santsi yake kamar kuɓewa, na bayanka ne zai kwashi kashinsa a hannu.

Na biyun ya fi wayo, don ba ya ba da sanarwa. Baƙin mai yana kwance ne a kwanon da ke ƙasan inji, famfo yana zuƙo shi ta wani bututu. Idan ka sha doguwar kwana da gudu, man sai ya tattare gefe guda, kamar yadda ruwa ke yi a bokiti idan ka juya da sauri. Na 'yan daƙiƙoƙi bututun iska yake zuƙa. A titi wannan bai cika faruwa ba, amma a fili kwanar nan za ka sha ta sau ɗaruruwa a wuni. Kowane zagaye metal yana ɗan cinyewa, har ka fara jin ƙwanƙwasa, daga nan inji ya buga, wani lokacin ma sandar fistin ta fasa bulok ta leƙo waje. Maganin da masu tsere suka sani ba tsada gare shi ba: a yi wa kwanon shinge na ƙarfe a ciki don man ya daina guduwa, a kuma duba gejin mai duk lokacin da aka tsaya canjin direba. Wanda ya yi ganganci da wannan, ranar Asabar da daddare za ka gan shi yana neman inji a wajen 'yan gwangwan na garin.

Sai birki. Man birki yana tsotsar ruwa daga iska a hankali, kuma yadda ruwan ke ƙaruwa haka zafin da zai tafasa shi ke raguwa. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya shekara biyar a mota ya yi ƙasa da haka sosai. Idan ya tafasa sai ya yi kumfa, ka taka feda ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Ka tambayi kanka yaushe rabon da a canza man birkin motar gidanku, ba ƙari ba, canji. Sauran matsalolin, boris ɗin taya da kulocin da ya ƙone da famfon fetur da wayar da ɓera ya taɓa ci, duk suna nan suna jiran layinsu.

Kada ka ɗauka talaka kaɗai wannan ke samu. A Le Mans ta 2016 motar Toyota tana gaba, saura 'yan mintoci awa 24 ta cika, sai ta rasa ƙarfi saboda wani ɗan mahaɗin bututun iska ya saki, Porsche ta wuce ta ɗauki kofi. Bambancin kawai shi ne ɗan Lemons ya san tun daga gida cewa wani abu zai saki, tambayar ita ce wanne, kuma ƙarfe nawa. Shi ya sa waɗanda ke cin tseren ba su ne masu gudun tsiya ba. Motar da ke rage daƙiƙa uku a kowane zagaye amma ta yi awa biyu a kan jak ta sha kashi a hannun wadda ke tafiya sannu ba ta tsaya ba. Tsofaffin BMW E30 da Mazda Miata da Honda Civic da Volvo 240 sun cika filin ne saboda kayan gyaransu a ko'ina ake samu.

To amma dala 500 ɗin nan gaskiya ce? A nan nake da ja. Adadin bai motsa ba tun 2006, alhali farashin motocin hannu a Amurka ya yi tashin gwauron zabi bayan korona, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage ƙera sababbin motoci a 2021. Dokar ta yarda ka sayi mota sama da haka ka sayar da kujeru da fitilu da sauran abin da ba ka buƙata, ka cire kuɗin daga lissafi, kuma da wannan ƙofar da yawa ke shiga. Mafi muhimmanci, kayan kare rai ba sa cikin dala 500 ɗin kwata-kwata. Kejin ƙarfe da ake waldawa a cikin mota, kujerar tsere, bel mai maɗauri da yawa, abin kashe gobara, hular kwano, abin tare wuya, rigar da wuta ba ta ci da wuri, har da birki da tayoyi, duk ka kashe abin da ka ga dama. Idan ka haɗa da kuɗin shiga da fetur da jan motar zuwa fili, maganar dubban daloli ake. Saboda haka kiran abin "tseren talaka" akwai ƙari a ciki. Tseren ma'aikaci ne mai ɗan rarar albashi da gareji a gida.

Duk da haka ina ganin tsarin nasu daidai ne, kuma wannan rabe-raben shi ne ya fi burge ni. An sa wa gudu iyaka, an bar tsaro ba iyaka. Motarka tana iya zama abin dariya, an manna mata kan kaza ko an yi mata fentin motar 'yan kwana-kwana, amma idan waldar kejinka ba ta yi ba, ba za ka taka filin ba ko waye ubanka. Wanda ya bugi wani ko ya fita daga kwalta, a ɗaga masa baƙar tuta ya shigo ya sha hukunci a gaban jama'a.

Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanya don hana mai kuɗi cinye wasan. A Finlan akwai tseren gama-gari da bayan an tashi kowa na iya sa kuɗi ya nemi sayen motarka a kan ƙayyadadden farashi, idan ka ƙi sayarwa ka rasa lasisin tsere, to wa zai zuba dukiya a motar da za a iya raba shi da ita da yamma? A Ingila kuma suna tseren awa 24 da Citroën C1, 'yar ƙaramar nan mai silinda uku, kowa da irin mota ɗaya, sai dai a gwada hannu da haƙuri.

Na san abin da ke ranka: me zai hana a yi a nan? Muna da makanikai da za su sauke inji su mayar a wuni ɗaya a ƙarƙashin bishiya, kuma muna da samari masu son gudu, shaidar ita ce wasan mota da ake yi a bukukuwan aure da kan tituna da yammacin Lahadi. Amma ka yi lissafi. Idan ka sa dala a naira 1,500, dala 500 ta zama naira 750,000, sama da albashin wata goma na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kuma wace mota mai tashi za ka samu a haka yau? Motar da Ba'amurke ke kira shara ita ce ake loda wa jirgin ruwa ta iso mana a matsayin Balijiyam, wani ya yi haya da ita shekara goma yana ciyar da gida. Golf ko Sharon da za ka kai fili ka buga wa inji, a nan jarin iyali ce. Ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kai ma ka sani.

Wanda ya fi kuɗin ma wuya shi ne fili. Abin da ya raba Lemons da wasan motar unguwa shi ne shinge tsakanin mota da 'yan kallo, da masu tuta a kowace kwana, da motar asibiti a tsaye, da mutumin da ke da ikon ce maka a'a. Yaron da ke juya motar babansa a mararraba, yara sun kewaye shi suna ɗauka a waya, ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma idan taya ta fashe ba shi kaɗai zai biya ba. Kamen da jami'ai ke yi yana korar su daga wannan titi zuwa wancan ne kawai. Da wata jiha za ta ware fili a bayan gari, ta sa sharaɗin keji da hula da binciken birki kafin shiga, ta bar ƙungiyoyin makanikai da ɗaliban injiniyanci su haɗa motocin da haɗari ya riga ya fitar daga titi, da an ga ko samarin nan gudun suke so ko idon jama'a. Ni zatona rabinsu za su gudu ranar da aka ce su kwana suna canza gasket.

Su can har sun fara hangen gaba. Masu shirya Lemons sun sa kyautar dala 50,000 ga tawagar farko da za ta lashe tsere gaba ɗaya da mota mai lantarki zalla, abin da ke da wuya saboda caji ko canjin batir yana cin lokacin da mai fetur ke zagaye. Kuma bisa al'adarsu ta biyan kyauta da sulalla, sun ce da 'yan kwabbai masu santi biyar za su biya, guda miliyan ɗaya. Kowanne giram biyar ne, wato tan biyar ke nan, sai wanda ya ci ya nemo tifar da za ta kai masa gida.