Ba a fafe gora ranar tafiya: lambar aiki a Faransa, takardar haihuwa a Nijar

Ɗan kasuwa ya san darajar lambarsa ta NIF, domin in babu ita ba ya samun kwangilar gwamnati, kuma kayansa ba su fita daga hannun duwan. Ma'aikaci ya san darajar lambarsa ta aiki, domin da ita baitulmali ke gane shi a ƙarshen wata. To haka nan ɗalibin da ya bar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya tafi karatu Faransa: akwai wata lamba da ke jiransa can, wadda albashinsa da maganinsa duk suna rataye a kanta. Iyaye da dama sun ɗauka da an samu biza an gama. Ba a gama ba, kuma sau da yawa abin da ke tsayar da yaro a can aibin wata takarda ce da aka rubuta a nan gida, shekaru ashirin kafin tafiyarsa.

Dokar Faransa ta ba ɗalibi baƙo mai takardar zama izinin yin aiki awa 964 a shekara, wato kashi 60 cikin ɗari na lokacin cikakken ma'aikaci. Tun daga 2007 ba ya bukatar neman wani izini na dabam, in ban da ƴan Aljeriya, waɗanda yarjejeniyar 1968 ta ware musu nasu tsari. Wanda ya zarce waɗannan awoyi ana iya karɓe masa takardar zama. A watan Nuwamba na 2024 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ya kai yuro 11 da santim 88, kafin a cire kuɗin asusu. In aka buga lissafi, yuro ɗaya yana daidai da sefa 656, awa 964 na iya kawo wajen miliyan bakwai da rabi na sefa a shekara. A shekarar 2024 kuwa, abin da ake so uba ya nuna zai iya ba ɗansa kafin a ba shi biza shi ne yuro 615 a wata, sama da jika ɗari huɗu. Wane ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar nan zai fitar da jika ɗari huɗu kowane wata daga albashinsa? Ke nan ga mafi yawan ɗalibai, wanke kwanoni a gidan abinci, ko gadin kanti, ko ɗaukar kaya a sito, shi ne ke riƙe da karatun kansa.

Lambar da ake magana a kanta ita ce lambar asusun kare lafiya da fansho, wadda ake kira NIR a taƙaice. Asalinta tun zamanin yaƙin duniya na biyu ne, lokacin da wani jami'in soja mai suna René Carmille ya tsara ta. Ƴan Nazi suka kama shi a 1944, ya mutu a sansanin Dachau a 1945. Bayan yaƙi aka mayar da ita lambar asusun jama'a. Alƙaluma 13 gare ta, da wasu 2 na tantancewa. Na farko 1 ne ga namiji, 2 ga mace. Sai biyu na shekarar haihuwa, biyu na watan haihuwa, sannan biyar na wurin haihuwa. Wanda aka haifa a wajen Faransa ana rubuta masa 99, a bi shi da lambar ƙasarsa, ta Nijar kuwa ita ce 337. Saboda haka saurayin da aka haifa a Nijar cikin watan Maris na 2003, lambarsa za ta fara da 1 03 03 99 337. Duk mai lura zai ga cewa lambar nan ba kome ba ce illa takardar haihuwa da aka mayar alƙaluma.

Jaririn da aka haifa a Faransa yana samun tasa cikin kwanakin farko na rayuwarsa, ba tare da iyayensa sun nema ba. Baƙo kuwa sai ya nema. Tun da aka soke asusun ɗalibai na dabam a shekarun 2018 da 2019, ɗalibi baƙo yana yin rajista ne ta intanet a babban asusun lafiya, a ba shi lamba ta wucin gadi, sannan a aika takardunsa ga wani ofishi a birnin Tur da ake kira Sandia, wanda shi ke tantance mutanen da aka haifa a waje. Abu biyu ofishin ke son gani: takardar shaidar mutum, kamar fasfo ko takardar zama, da kuma takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uba da na uwa. In biyun suka dace da juna, lamba ta fito, katin magani da ake kira Vitale ya biyo baya. In suka saɓa ko da harafi ɗaya ne, sai a sake aiko wa ɗalibi wasiƙa, a ce ya kawo bayani.

Gaskiya ce doka ba ta hana a ɗauki ɗalibi aiki kafin lambarsa ta dindindin ta fito ba. Abin da ta wajabta wa mai gidan aiki shi ne ya sanar da ofishin farfe kwana biyu na aiki kafin ranar farawa. Amma mai gidan abinci da ke da mutum goma a bakin ƙofa suna neman gurbi ɗaya, wa zai zaɓa, mai cikakkun takardu ko wanda ake jiran amsa a kansa? Ɗalibin da aka mayar baya sau biyu, sau uku, ga kuɗin haya ya taso, ga sanyi ya shigo, shi ne wanda ke faɗawa aikin ɓoye, ko ya ari takardun wani ya yi aiki da sunan da ba nasa ba. Ranar da tukunyar mai ta ƙone shi, ko ya faɗo daga tsani, babu wanda ya san da zamansa. Ranar da aka kama shi, karatun da ubansa ya sayar da gona ko fili dominsa ya tashi a banza.

To daga ina saɓanin takardu ke fitowa? Na farko, daga rubutun suna. Yaro ɗaya ne, amma a takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a takardar lakkol Mamadou, a sakamakon bak Mahamane, a fasfo kuma wani abu dabam. A kasuwar Maraɗi kowa ya san duk suna ɗaya ne. Na'urar da ke birnin Tur ba ta san haka ba, mutum huɗu take gani. Na biyu, Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Turawa. Sunansa yake ɗauka ya haɗa da na ubansa, wani lokaci da na kakansa ko na garinsu. Takardun Faransa kuwa gida biyu gare su, ɗaya na sunan dangi ɗaya na sunan yanka, kuma kowane akawu a nan yana cika su yadda ya ga dama: wannan ya sa sunan uba a gaba, wancan ya sa shi a baya. Na uku shi ne ranar haihuwa. Kowa ya san takardun da ke cewa an haifi mutum «wajen» shekara kaza, da tarin jama'ar da aka ba ɗaya ga Janairu kamar duk dare ɗaya aka haife su. Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne rage shekaru: a je gaban alƙali a yi sabuwar takardar jijima domin yaro ya samu damar sake jarrabawa ko shiga aikin gwamnati, alhali tsohuwar tana nan cikin kundi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ofishin da ya ga takardu biyu masu ranaku biyu ba zai yarda da ko ɗaya ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ofisoshin Faransa ba tsarkaka ba ne cikin wannan lamari. Ɗalibai na shafe watanni suna jiran amsa, a nemi takardar da aka riga aka aika, kuma ba su da wani mutum takamaimai da za su tsaya gabansa su yi bayani. Ayar doka ta 47 ta kundin dokokin zaman jama'a na Faransa ta ce takardar haihuwar da wata ƙasa ta bayar bisa tsarinta abin yarda ce, sai fa in an samu dalilin da ya nuna jabu ce ko ba daidai take ba. Amma a aikace, takardar da ta fito daga Afirka da zato ake fara tarbarta. Ƙasar da a 2019 ta ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2,770 a shekara ga mai lisans, da 3,770 ga mai digiri na biyu, ya kamata ta iya ba su amsa cikin lokaci. Sai dai wannan zato ba daga sama ya faɗo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowace takardar ƙarya da aka buga wa hatimin gaske tana rage darajar dubun takardun gaskiya da ke bayanta.

Wani zai ce: me ya kawo maganar Faransa, bayan an daina ba da biza a Yamai tun 2023, ofishin jakadancinta kuma ya rufe a Janairun 2024? Amsa ita ce akwai ƴaƴan ƙasar nan da ke can tun kafin wannan rikici, kuma waɗanda suka juya zuwa wasu ƙasashe ba su tsira daga lamba ba. A Kanada, ɗalibi ba ya karɓar albashi sai da lambar asusu mai alƙaluma tara. Ta baƙi da 9 take farawa, kuma tana ƙarewa tare da takardar zama. A Nuwamban 2024 aka tsayar musu da awa 24 a mako a wajen makaranta. A Amurka, inda aka fara ba da irin wannan lamba a 1936, ɗalibi sai ya samu aikin da doka ta yarda masa tukuna a ba shi ita, kuma awa 20 a mako ne iyakarsa lokacin karatu. Waɗannan ƙasashe fasfo suka fi dubawa, amma fasfo ɗin daga ina ya samo suna da ranar haihuwa, in ba daga waccan takarda ta gidan magajin gari ba? Ko'ina yaro ya nufa, kuskuren farko yana biye da shi.

Ba a ce ba a yi kome ba. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne na ƙananan yara aka yi wa rajistar haihuwa; na 2012 ya nuna an kai kashi 64. Dokar 2007 ta kusantar da wuraren bayyana haihuwa zuwa ƙauyuka da gidajen likita, ta 2019 kuma ta ba iyaye wa'adin kwana 60. Alƙalai na fita ƙauyuka suna zaman ba da takardu ga waɗanda wa'adi ya wuce su. Amma yawan takardu ba shi ne ingancinsu ba. Kundin da gara ta ci, ko ruwan sama ya jiƙa a ɗakin ajiya, ko akawun da ke rubuta suna yadda kunnensa ya ji ba tare da ya tambayi uba ba, duk suna mayar da hannun agogo baya. A 2025 ƙasashen ƙawancen AES sun fito da sabon fasfo mai ɗauke da hoton yatsu. Abin yabo ne, amma fasfo na zamani da aka ɗora a kan takardar haihuwa mai kuskure, gini ne a kan rairayi.

Gyaran ba shi da tsada, kuma kowa da rabonsa. Uban da ke iya sayen rago da goro ranar suna, ya ɗauka cewa suna bai cika ba sai an rubuta shi. Kwana bakwai na cikin kwana sittin. Ya karanta abin da aka rubuta, ko ya sa a karanta masa, kafin ya bar wurin. Ma'aikatan gidan magajin gari da shugabannin makarantu su riƙe ƙa'ida ɗaya: yadda aka rubuta suna a takardar haihuwa, haka za a kwafe shi har abada, harafi da harafi. Alƙalai su daina sa hannu kan jijima ta biyu ga wanda ke da ta farko, a kuma hukunta mai saye da mai sayarwa. Hukumar ANAB da makarantun da ke tura ɗalibai waje su jera takardun kowane yaro a kan tebur tun yana aji na ƙarshe, domin gyaran da ake yi cikin mako biyu a Damagaram yana iya cin shekara guda in an yi shi daga Liyon ko Monreyal. Mahukunta kuma su shigar da tsofaffin kundaye cikin kwamfuta, ta yadda ofishin jakadanci zai iya tabbatar da takarda ba sai an aika wani ƙane ya shiga mota zuwa garin haihuwa ba.

Ana yawan maganar ƴancin kai da martabar ƙasa a kwanakin nan. Martabar ƙasa tana farawa daga ranar da hatiminta ya isa shaida a ko'ina cikin duniya, ba tare da an juya takardar an duba bayanta ba. Alhajin da ke shirin tura ɗansa waje baɗi, kafin ya je wurin mai canji, ya fara buɗe akwati ya fito da takardar haihuwar yaron, ya ajiye ta kusa da fasfo, ya duba ko mutum ɗaya suke nufi.